Tarihin Hanyoyin Isa ga Bayanan Kowane Furosesa a Ƙwayar Linux, 1996 zuwa 2024

1. Gabatarwa

Ƙwayar tsarin kwamfuta, wadda ake kira noyau da Faransanci, ita ce ke rabon lokaci da ma'ajiya tsakanin ayyuka. Idan na'ura tana da furosesa fiye da ɗaya, akwai bayanan da ya fi dacewa kowane furosesa ya riƙe nasa kwafi, alal misali ƙidayar fakitocin da suka shigo ta katin sadarwa. Mai rubutu cikin ƙwayar Linux a yau yana da hanyoyi da dama na taɓa irin waɗannan bayanai. Wannan takarda tana nuna cewa kowace hanya amsa ce ga matsalar wani zamani, kuma wanda bai san wannan tarihi ba yana iya yin zaɓen tumun dare.

2. Zamanin jeri

Linus Torvalds ya fitar da Linux a 1991 domin na'ura mai furosesa guda. Linux 2.0, ta 1996, ita ta fara aiki da furosesa da yawa, amma da babban kwaɗo guda: furosesa ɗaya tak ke shiga ƙwaya a lokaci ɗaya. Da aka soma sassauta kwaɗon a Linux 2.2 (1999) da 2.4 (2001), sai buƙatar raba bayanai ta ƙaru. Dabarar lokacin ita ce a shirya jeri mai gurabe NR_CPUS, kowane furosesa ya nemi lambarsa da smp_processor_id(), ya taɓa nasa gurbi.

Aibin wannan dabara yana cikin ma'ajiyar kusa, wato mémoire cache. Ita ba ta ɗaukar bayani ɗaiɗai, sai layi-layi: bait 32 a Pentium, bait 64 a na'urorin baya. Idan guraben furosesa biyu suka faɗa layi guda, duk rubutun da ɗaya ya yi yana soke kwafin ɗayan, layin ya yi ta kai da komowa tsakaninsu. Maganin da aka yi shi ne a ba kowane gurbi cikakken layi, abin da ya jawo ɓarnar ma'ajiya.

3. Sauyi biyu na 2002

A jerin Linux 2.5, Rusty Russell ya kawo wani tsari dabam. Ana tara dukan bayanan da aka ayyana da DEFINE_PER_CPU a sashe guda, sa'annan a kwafa sashen ga kowane furosesa lokacin tayar da na'ura. Ta haka bayanan furosesa guda suna zama wuri ɗaya, nesa da na saura.

A shekarar dai aka shigar da aikin da Robert Love ya jagoranta, wanda ya ba mai rabon lokaci ikon tsige aiki ko da yana cikin ƙwaya. Nan wata matsala ta ɓullo. A ce aiki ya karanta ƙidaya a furosesa 0, ya samu 7. Kafin ya rubuta 8 aka tsige shi. Wani aiki ya mai da ƙidayar 8. Na farko ya dawo, wataƙila ma a furosesa 1, ya sake rubuta 8. An yi asarar ƙari ɗaya. Irin wannan kuskure ba ya bayyana kullum, shi ya sa gano shi ke da wuya. Amsar da aka bayar ita ce get_cpu_var da put_cpu_var: na farko yana hana tsigewa, na biyu yana mai da ita. Wannan ne tsarin da Linux 2.6 ta fito da shi a Disamba 2003, kuma shi littafin Linux Device Drivers, bugu na uku (2005), yake koyarwa.

4. Umurni guda

A na'urorin x86 masu bit 64, rajistar GS tana nuna yankin furosesan da ke aiki. Saboda haka ana iya haɗa neman adireshi da ƙari cikin umurnin inji guda, wanda ba a iya tsige shi a tsakiya. Tejun Heo ya sake gina mai rabon wannan ma'ajiya a 2009, kuma ayyukan this_cpu na Christoph Lameter suka shiga Linux 2.6.33 a 2010. Da this_cpu_inc ba a buƙatar kwaɗo. A 2014 aka yi kwaskwarimar da ta kawar da __get_cpu_var, aka sa this_cpu_ptr da ƴan'uwansa a madadinsa, aka kuma ƙara bincike ga ayyukan __this_cpu domin su yi gargaɗi idan an kira su alhali tsigewa tana yiwuwa.

Sai dai ribar ba ɗaya ba ce a ko'ina. ARM mai bit 64 tana ajiye tazarar yankin a rajistar TPIDR_EL1, amma ba ta da umurnin da ke haɗa komai wuri guda, don haka this_cpu_inc a can yana hana tsigewa na ɗan lokaci.

5. Matsalar amsa cikin ƙayyadadden lokaci

Masu aikin PREEMPT_RT suna son a iya tsige kusan kowane aiki, domin na'urar masana'anta ta amsa kan kari. Hana tsigewa a ɓoye, kamar yadda get_cpu_var ke yi, yana karo da wannan buri, kuma ba ya faɗin bayanin da yake karewa. Don haka aka shigar da local_lock a Linux 5.8 (2020): kwaɗo ne mai suna, wanda a ƙwaya ta yau da kullum yake hana tsigewa, a PREEMPT_RT kuwa yake tsare aiki a furosesansa ba tare da hana tsigewa ba. PREEMPT_RT ya shiga babban reshe a Linux 6.12, cikin Nuwamba 2024.

6. Kammalawa

Daga wannan tarihi zaɓi yake fitowa. Ƙari ko karatu guda aikin this_cpu ne. Sauyi mai matakai da yawa yana buƙatar kariya, kuma local_lock ya fi bayyana niyya. Ayyukan __this_cpu na wanda ya riga ya hana tsigewa ne. Shi kuwa per_cpu, ana amfani da shi wajen karanta na sauran furosesa, kamar a tara jimilla. Rubutu a yankin wani yana iya karo da this_cpu na mai yankin. Malamin da ke koyarwa da littafin 2005 ya kamata ya haɗa shi da bayanan da ke cikin ƙwayar yanzu, domin kada ɗalibi ya fita da rabin labari.