Shiga Gida Ba Sallama: Dokar Neman Ma'adinai da 'Yan Asalin Ƙasar Kanada

1.0 Gabatarwa

Kanada tana cikin ƙasashen duniya masu arzikin ma'adinai, kuma kamfanoninta sun bazu har Afirka ta Yamma suna neman zinari da yuraniyam. Amma a cikin gida an daɗe ana ja-in-ja tsakanin irin waɗannan kamfanoni da 'yan asalin ƙasar, wato al'ummomin da Turawa suka tarar a can. Abin da ake jayayya a kansa shi ne: wa ya kamata a tambaya kafin a shiga daji neman ma'adinai, kuma a wane lokaci? Wannan takarda za ta bi tarihin dokar, tare da duba rikicin wata ƙaramar al'umma a lardin Ontariyo.

2.0 Tsohon tsari

Neman ma'adinai daban yake da haƙar su. Mai nema shi ke fara shiga daji, ya duba duwatsu, ya sare itatuwa ya fitar da hanya, sannan ya huda ƙasa da inji ya ɗebo samfur. Dokokin wannan aiki sun samo asali ne daga rububin zinari na ƙarni na 19, kamar wanda aka yi a kogin Fraser a 1858. A ƙarƙashinsu, duk wanda ya yanki lasisi zai iya shiga filin gwamnati, ya kafa turaku a kusurwoyi huɗu, ya yi rajista, shi ke nan ya mallaki ikon neman abin da ke ƙarƙashin wurin. Muddin ya cika ƙa'ida, ma'aikacin rajista ba shi da hurumin hana shi.

Manufar gwamnati ita ce jawo mutane da jari zuwa dazuzzuka masu nisa. Sai dai abin da doka ta kira filin gwamnati, a nan ne 'yan asali suke farauta da kamun kifi, a nan kuma suke binne matattunsu. A arewacin Ontariyo an ƙulla Yarjejeniya ta 9 da su a 1905, aka faɗaɗa ta a 1929 da 1930. Takardar ta ce sun sallama ƙasarsu, za su ci gaba da farauta da su, ban da wuraren da gwamnati za ta ɗiba domin ma'adinai ko katako. Su kuwa mutanen sun tsaya a kan cewa kakanninsu zaman tare suka amince da shi, ba su sayar da ƙasa ba.

3.0 Matsayin kotu

A 1982 aka sanya sashe na 35 cikin tsarin mulkin Kanada, wanda ya tabbatar da haƙƙoƙin 'yan asali da na yarjejeniyoyinsu. A 2004, cikin shari'ar al'ummar Haida, wadda ta shafi sare itatuwa, Kotun Ƙoli ta fayyace abubuwa uku. Na farko, wajibi ne gwamnati ta tuntuɓi 'yan asali idan za ta yi abin da zai iya taɓa haƙƙinsu, ko da ba a gama tabbatar da haƙƙin a kotu ba. Na biyu, nauyin yana kan gwamnati ne, ba kan kamfani ba. Na uku, tuntuɓa ba ta ba su ikon hana aiki. A 2005, a shari'ar Mikisew, kotun ta ce hukuncin ya haɗa da yankunan da ke da yarjejeniya. Duk da haka dokar ma'adinai ta Ontariyo ba ta canza ba.

4.0 Rikicin tafkin Big Trout

Al'ummar Kitchenuhmaykoosib Inninuwug, wadda ake taƙaita sunanta da KI, tana zaune a bakin tafkin Big Trout, kimanin kilomita 600 arewa da birnin Thunder Bay. Babu hanyar mota zuwa can sai ta kan ƙanƙara a lokacin sanyi. Wani ƙaramin kamfani mai suna Platinex ya sami ikon neman filatinam, wani ƙarfe mai tsada, a yankinsu. A watan Fabrairu na 2006 ma'aikatansa suka isa don fara huda ƙasa, mutanen KI suka fito suka ce ba su yarda ba, har ma'aikatan suka janye. Kamfanin ya kai ƙara yana neman diyyar dalar Kanada biliyan 10.

Da farko, a watan Yuli na 2006, alƙali ya dakatar da kamfanin, ya kuma zargi gwamnatin lardi da sakaci wajen tuntuɓa. Amma a 2007 ya ba shi damar komawa aiki bisa sharuɗɗa. Mutanen KI suka sake tare hanya. A watan Maris na 2008 aka yanke wa mutum shida daga shugabanninsu ɗaurin wata shida saboda raina kotu. Cikinsu akwai shugaban al'ummar, Donny Morris, da wata dattijuwa 'yar majalisarsu, Cecilia Begg.

Ɗaurin ya tayar da ƙura a faɗin ƙasar. A watan Mayu Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ontariyo ta rage hukuncin zuwa kwanakin da suka riga suka yi a tsare. A ƙarshen 2009 gwamnatin lardi ta biya Platinex dala miliyan 5, kamfanin ya haƙura da filin da kuma ƙarar. Abin lura a nan shi ne, kamfanin bisa doka ya shiga, mutanen KI kuma haƙƙin da tsarin mulki ya ba su suke karewa. Giɓin yana cikin dokar kanta.

5.0 Gyaran doka

A 2009 Ontariyo ta gyara dokarta, aka rubuta wajibcin tuntuɓa a cikinta. Daga Afrilu na 2013 aka kasa aikin nema gida biyu. Ƙaramin aiki yana buƙatar a miƙa tsarin aiki ga ma'aikata, ita kuma ta sanar da al'ummomin da abin ya shafa. Babban aiki, kamar huda ƙasa da manyan injuna, sai da takardar izini, kuma ana iya gindaya mata sharuɗɗa bayan an ji ta bakin al'umma.

Amma rajistar fili, wadda ita ce matakin farko, ba a sa mata sharaɗin tuntuɓa ba. Hasali ma ta ƙara sauƙi, domin daga 2018 ta intanet ake yin ta, ba sai an taka daji ba. A wasu sassan ƙasar kotuna sun soki wannan. A 2012 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Yukon ta ce rajistar ma tana buƙatar tuntuɓa. A 2023 al'ummar Gitxaala ta sami irin wannan hukunci a lardin Biritish Kolambiya, inda sabon tsari ya fara aiki a Maris na 2025. A Ontariyo kuwa, wasu al'ummomi sun shigar da ƙara kan batun a 2024.

6.0 Kammalawa

An ga yadda doka ta tashi daga shiga ba sallama zuwa wajabta sallama, da kuma yadda kotuna suke matso da lokacin yin ta zuwa matakin farko. Sai dai a al'adar Bahaushe, mai sallama yakan tsaya a ƙofa har sai an amsa masa. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2007 kan haƙƙin 'yan asali ta yi maganar neman yardarsu tun kafin a fara aiki, kuma Kanada ta yi dokar aiki da ita a 2021. Ko mai gida yana da ikon cewa a'a bayan an yi masa sallama, a nan ne gardamar ta tsaya.