Daga *tchador* zuwa *féminisme identitaire*: tarihin wata gardama tsakanin ƴan dama na Faransa

A cikin wannan takarda muna so mu bi diddigin wata gardama da ta raba kawunan masu tsattsauran ra'ayin dama a Faransa, musamman tun da intanet ta zama dandalinsu. Tambayar da ta raba su ita ce: da sunan me za a ƙi lulluɓin macen Musulma? Da sunan ƴancin mata, ko da sunan addinin Kirista, ko kuwa da sunan asali? Za mu dubi al'amarin ta fuskar kalmomi, don a nan ne sauyin ya fi fitowa fili.

Abin ya samo tushe tun zamanin mulkin mallaka. A watan Mayu na 1958, a birnin Alje, hukumomin soja suka shirya tarurruka inda aka sa wasu mata ƴan Aljeriya su cire mayafinsu a bainar jama'a, matan manyan hafsoshi irin su Massu da Salan na cikin masu ɗaure wa abin gindi. Frantz Fanon ya yi nazarin wannan a littafinsa na 1959. Abin lura shi ne, matan Faransa sun sami damar jefa ƙuri'a tun 1944, amma ƴan uwansu Musulmi na Aljeriya sai a 1958. Ke nan mulkin da ya zo ceton mace daga mayafi shi ne ya hana ta ƙuri'a shekara 14.

A watan Satumba na 1989 daraktan wani kwaleji a garin Creil, Ernest Chénière, ya kori ɗalibai mata 3 saboda sun ƙi cire kallabi a aji. Jaridu da yawa suka kira tufar *tchador*, kalmar Farisanci da ta shigo kunnen Faransawa tare da juyin juya halin Iran na 1979, alhali iyayen yaran daga arewacin Afirka suka fito. Daga baya *foulard* ta zauna, sannan *voile* ta ture ta. Kowace kalma da nauyinta. *Foulard* kallabi ne kawai, kakannin Faransawa ma sun ɗaura shi. *Voile* kuwa tana ɗauke da ma'anar ɓoyewa. A muhawarar da ta kai ga dokar 11 ga Oktoba 2010, wadda ta hana rufe fuska a wuraren jama'a, kalmar *burqa* ce ta cika bakuna, ko da yake abin da ake gani a titunan Faransa niƙabi ne. (Hausa ta fi Faransanci rarrabewa a nan: kallabi, gyale, mayafi, hijabi, niƙabi, kowanne da sunansa, shi ya sa ɗalibanmu kan sha wuya in an ce su fassara *voile*.)

Ya kamata mu tuna cewa a 1989 waɗanda suka fi ɗaga murya da sunan *laïcité*, wato raba addini da hukuma, ba ƴan jam'iyyar Front national ba ne. Masana ne irin su Élisabeth Badinter da Régis Debray, waɗanda suka rubuta wa malaman makaranta buɗaɗɗiyar wasiƙa kada su miƙa wuya. Ita jam'iyyar Jean-Marie Le Pen, da aka kafa a 1972, tana da reshe mai ƙarfi na ƴan Katolika masu riƙo da tsohuwar al'ada, waɗanda ba su taɓa yafe wa dokar 1905 ba. Jam'iyyar ta yaƙi dokar Simone Veil ta 1975 da ta halatta zubar da ciki, tana kuma neman a riƙa biyan uwa albashi don ta zauna gida ta haihu. A wancan lokaci, a bakinsu, mace uwa ce kafin komai.

Intanet ce ta dagula wannan tsari. Front national na cikin jam'iyyun Faransa na farko da suka buɗe shafi, a 1996, saboda tana ganin manyan kafofin labarai sun rufe mata ƙofa. A 2005 shafin Fdesouche ya bayyana, aikinsa tattara labaran laifuffuka da ake dangantawa da baƙi. A 2007 aka kafa Riposte laïque, wadda jagororinta daga ɓangaren hagu suka fito, suka zo da kalmar *laïcité* a hannu. A Yuni 2010 suka haɗa kai da Bloc identitaire don shirya walimar naman alade da giya a unguwar Goutte-d'Or ta Paris, hukuma ta hana. Marine Le Pen, da ta karɓi jam'iyyar a Janairu 2011, ta gane ribar wannan harshe. Bayan cin zarafin mata da aka yi a birnin Kolon na Jamus a daren shiga 2016, ta rubuta sharhi tana kafa hujja da Simone de Beauvoir, marubuciyar da tsofaffin ƴan jam'iyyar ke ɗauka abokiyar gaba. Sara Farris ta raɗa wa irin wannan salo suna *fémonationalisme*, littafinta ya fito a 2017.

To amma ba duka aka bi ba, kuma nan ne gardamar ta yi zafi. Alain Soral, wanda ya kafa Égalité et Réconciliation a 2007 kuma bidiyoyinsa suka yaɗu ƙwarai, ya ɗauki fafitikar ƴancin mata a matsayin cutar da ta raunana Faransa, har ya riƙa zawarcin samari Musulmi na unguwannin talakawa da cewa su da Kirista masu al'ada matsalarsu ɗaya. Éric Zemmour, a littafinsa *Le Premier Sexe* na 2006, shi ma kukan lalacewar mazantaka ya yi, sai dai bai ga Musulmi a matsayin abokan tafiya ba. Zanga-zangar 2012 da 2013 kan dokar auren jinsi ta farfaɗo da reshen Katolika, ta kuma haifar da ƙungiyar mata ta Antigones, masu sa fararen tufafi don kishiyantar Femen. A 2019 kuma ƙungiyar Némésis ta fito tana kiran kanta *féministe identitaire*, tana jingina cin zarafin mata ga baƙin haure.

A ganinmu, wuyar da ke gabansu ta harshe ce kafin ta zama ta siyasa. Wanda ya yabi mace mai kunya, mai zaman gida, mai yawan haihuwa, ya yi wa kansa tarko, don siffofin nan su ne yake zargin iyalan Musulmi da su. Wanda kuma ya ari kalmomin Beauvoir don ya soki hijabi, sai ƴan ɗakinsu su tambaye shi matsayinsa a kan zubar da ciki da saki. Thaïs d'Escufon ta nuna yadda ake tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan: tana kakakin Génération identitaire har gwamnati ta rushe ƙungiyar a Maris 2021, daga baya ta koma yin bidiyo na sukar fafitikar mata ita kanta. A ranar 4 ga Maris 2024, da majalisun Faransa suka taru a Versailles suka sa ƴancin zubar da ciki cikin tsarin mulki da ƙuri'a 780 a kan 72, Marine Le Pen ta jefa ƙuri'ar amincewa, wasu daga cikin ƴan majalisarta suka ƙi ko suka ƙaurace. Ita ce dai a 2012 take maganar zubar da ciki "na jin daɗi".

Mu a Nijar kalma ɗaya daga cikin waɗannan ta shafe mu kai tsaye. Masu rubuta tsarin mulkin 1992 sun kauce wa *laïcité*, saboda ƙungiyoyin addini sun fassara ta da rashin addini, sai aka nemo wani lafazi. Duk lokacin da wani bidiyo daga Faransa ya iso wayoyin mutane a Maradi ko Damagaram, inda ake jin kalmar a bakin mai zagin hijabi, waccan tsohuwar fassara ce ke ƙara samun gindin zama, kuma mai fassarar da ya so ya bayyana abin da dokar 1905 ta ƙunsa sai ya fara da warware abin da Riposte laïque ta ɗora wa kalmar tun 2007.