Cragside: Gidan da Kuɗin Igwa Ya Gina

A gundumar Northumberland, arewa maso gabashin Ingila, kusa da garin Rothbury, akwai gida a jingine da tsauni mai suna Cragside. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne kasancewarsa gida na farko a duniya da aka haskaka da lantarkin da ƙarfin ruwa ya samar. Wannan gaskiya ce, sai dai yawan nanata ta ya sa ana kallon mai gidan a matsayin masoyin muhalli, alhali gidan reshe ne na kasuwancin makamai.

An haifi mai gidan, William Armstrong, a Newcastle a 1810. Lauya ne da farko, kafin sha'awar injuna ta rinjaye shi. Ƙugiyar ɗaga kaya mai aiki da matsin ruwa ce ta fara fito da sunansa, da ita ya kafa masana'antar Elswick a bakin kogin Tyne a 1847. A lokacin Yaƙin Kirimiya ya ƙera igwa da ake ɗurawa ta baya, ya sallama wa gwamnati haƙƙin mallakarta, aka ba shi lambar girma a 1859. A 1863 ya sayi filin Cragside, daga 1869 kuma mai tsara gini Richard Norman Shaw ya ɗauki sama da shekara goma yana faɗaɗa ƙaramin masaukin da ke wurin har ya zama fada.

A ɗakin girki hikimar take fitowa fili. Ƙarfen da ake soke nama ana gasawa, ruwa ne ke juya shi. Lif mai ɗaga kaya zuwa benaye, shi ma ruwa ne. Ruwan daga tafkunan da Armstrong ya datse a saman tsaunin yake gangarowa, kuma shi ya kunna fitilar farko a 1878, kafin a sa ƙwayayen fitilar abokinsa Joseph Swan a 1880. Duk baƙon da ya ga wannan ya ga tallar injunan Elswick ba tare da an ce masa ya saya ba.

Su wane ne baƙin? Yariman Wales da matarsa sun sauka a 1884, kuma gab da zuwansu aka kammala babban falo mai murhun marmara mai nauyin kimanin tan 10. Sarkin Farisa da Sarkin Siyam duk sun zo. Shugabanni irin waɗannan su ne masu sayen igwa da jiragen ruwan yaƙi, kuma Japan ta yi amfani da jiragen Elswick wajen karya rundunar ruwan Rasha a Tsushima a 1905.

Masu kare shi suna da hujja, ba a raina ta ba. Tun 1863 ya yi gargaɗi cewa kwal ɗin Birtaniya zai ƙare, ya dasa bishiyoyi kusan miliyan 7 a wurin da a da fako ne, ya kuma ba mutanen Newcastle lambun Jesmond Dene kyauta. Amma mutumin nan ne ya yi tsayin daka a 1871, lokacin da ma'aikata suka yi watanni suna yajin aiki don a rage aikin yini zuwa awa 9, har aka shigo da ma'aikata daga ƙetare a maye gurbinsu. A ƙarshe ma'aikatan suka samu abin da suka nema.

Armstrong da matarsa Margaret ba su haihu ba. Da ya rasu a Cragside a Disamban 1900, jikan 'yar'uwarsa ne ya gaje shi, dukiyar kuma ba ta daɗe a hannunsa ba. A 1977 gidan ya koma hannun ƙungiyar adana wuraren tarihi ta National Trust a madadin harajin gado, aka buɗe wa jama'a a 1979.