Asalin Kalma: Mai Ceto

Ceto kalma ce ta Bahaushe tun asali, daga aikatau "ceta": ya ceci yaro, ya cece shi. Ba a amfani da ita ga wanda zai iya fid da kansa. Sai wanda ruwa ya ci, ko gobara ta rutsa da shi, ake cewa an cece shi, shi ya sa har yau muke jin "ma'aikatan ceto" a labarai.

Wannan nauyin ne ya sa ta zauna daram a bakin Kiristoci. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya ya yi fice a cikinsa, "Mai Ceto" ce ta ɗauki ma'anar "soter" ta Helenanci. A koyarwar Kirista, tun faɗuwar Adamu zunubi ya ɗaure ɗan Adam, kuma kyawawan ayyukansa ba za su kwance shi ba, dole wani ya zo ya fanshe shi. Sunan Yesu ma daga Yeshuwa na Ibrananci yake, wato Ubangiji yana ceto.

Musulmi kuwa, idan ya ce ceto a zancen addini, shafa'ar Annabi ranar ƙiyama yake nufi, roƙo a gaban Allah. Kirista kuma mutuwar Almasihu a kan gicciye da tashinsa yake nufi. Ya kamata mai sauraro ya lura da bakin da kalmar ta fito, domin abin da kowannensu ya dogara da shi daban ne.