Bishewar Allah a Rayuwar Bishop Ajayi Crowther

A farkon shekarar 1821, da hantsi, mayaƙa suka afka wa Osogun, wani gari a ƙasar Yarabawa. Lokacin daular Oyo tana wargajewa, yaƙi ya game ko'ina, kamun bayi kuwa ya zama sana'a. Cikin waɗanda aka ɗaura wa igiya a wuya ran nan akwai wani yaro mai suna Ajayi, ɗan shekara goma sha biyu ko sha uku, da mahaifiyarsa da ƙannensa mata. Tun daga ranar bai ƙara sa mahaifinsa a ido ba. Aka raba shi da uwarsa, aka yi musayarsa da doki, daga baya da taba da giya, yana ta sauya iyayengiji har ya faɗa hannun Turawan Fotugal a Legas. Shi da kansa ya ba da labari cewa a cikin wannan hali ya nemi kashe kansa, don kada a sayar da shi ga Turawa.

A watan Afrilu na 1822 jiragen yaƙin Ingila suka tare jirgin da aka loda su, aka sauke su a Firitawun ta ƙasar Saliyo. Can ya koyi karatu a hannun 'yan mishan na CMS, aka yi masa baftisma ranar 11 ga Disamba 1825 da suna Samuel Crowther, ya kuma zama cikin ɗaliban farko na kwalejin Fourah Bay a 1827. Ya auri wata malamar makaranta, Asano, wadda aka yi wa baftisma da suna Susan. Ita ma daga jirgin bayi aka 'yanto ta.

Sai bayan kusan shekara goma sha shida ya zauna ya rubuta labarin kamunsa, a 1837. A cikin rubutun ya ɗauki ranar da aka ƙone garinsu a matsayin ranar baƙin ciki, wadda kuma ta zama masa mafarin albarka, domin ta wannan hanya ce ya san Almasihu. Mu lura da lokacin da ya faɗi haka. Yaron da ke cikin mari bai ga wata bishewa ba, mutuwa yake nema. Magidanci mai mata da 'ya'ya ne ya waiwaya ya gan ta. Haka Yusufu ma, sai a Farawa sura 50 ya iya gaya wa 'yan'uwansa cewa Allah ya juya muguntarsu ta zama alheri, bai faɗi haka daga cikin rijiya ba. Crowther kuma bai taɓa wanke masu cinikin bayi da wannan magana ba, har tsufansa yana yaƙi da sana'ar. Wannan gargaɗi ne gare mu masu zuwa gaisuwar mutuwa, ko masu ziyartar waɗanda aka kora daga ƙauyukansu. Mukan yi garajen cewa nufin Allah ne tun hawaye bai bushe ba, alhali mai abin ne ya kamata ya fara faɗa, in lokacinsa ya yi.

Hidimarsa ta buɗe ta hanyar da babu wanda ya tsara. A 1841 ya bi ayarin da gwamnatin Ingila ta aiko kogin Kwara, tare da J. F. Schön, Bajamushen nan da ya duƙufa kan nazarin Hausa. Zazzaɓi ya kashe Turawan ayarin da yawa. CMS ta gane cewa in bishara za ta shiga cikin ƙasa, sai dai 'yan Afirka su kai ta. Aka kira Crowther Ingila, aka naɗa shi a 1843, aka tura shi ƙasar haihuwarsa.

A Abekuta, cikin 1846, aka kawo masa wata tsohuwa. Mahaifiyarsa ce, Afala, bayan rabuwar shekara ashirin da biyar. An fanshe ta daga bauta, ta rayu, ga ɗanta ya dawo yana limamin wani addini da ba ta sani ba. A 1848 ta karɓi baftisma cikin na farko a Abekuta, aka sa mata suna Hannatu, kamar uwar Sama'ila ta Littafi Mai Tsarki. Wa zai ga irin wannan ya ce ba hannun Allah ba ne? Ko a 1857, da jirginsu Dayspring ya fashe a kan duwatsun Jebba, bai ɗauki abin a matsayin ƙofa ta rufe ba. Ya zauna watanni yana koyon Nufanci yana sanin mutanen Rabba, abin da ya taimaka wa hulɗarsa da Etsu Masaba na Bida daga baya. Da sarakuna da malaman Musulmi ya fi son ya buɗe Littafi ya karanta musu amsa, maimakon gardama.

Ranar 29 ga Yuni 1864 aka keɓe shi bishop a babbar majami'ar Kantabari, baƙar fata na farko a Ikkilisiyar Angilikan. Henry Venn, sakataren CMS, shi ya dage a kan haka, domin burinsa ikkilisiya ta mallaki kanta, ta ciyar da kanta, ta kuma yaɗa bishara da kanta. Waɗansu 'yan mishan, irin su Henry Townsend, ba su so ba, suka ƙi zama a ƙarƙashinsa. Ɗansa Dandeson ya bi sawunsa cikin hidima har ya zama acidikin a yankin bakin teku.

Da labarin ya tsaya nan, da ya yi daɗin wa'azi. Amma akwai shekarunsa na ƙarshe, su ne kuma suka fi dacewa da mai shirin shiga aikin fasto ya yi nazari. Venn ya rasu a 1873. Susan ta rasu a 1880, mahaifiyarsa ta bi ta bayan 'yan shekaru. Tashoshin mishan sun warwatsu a bakin kogi, bishop ba shi da isassun kuɗi, tafiyarsa kuma sau da yawa sai jiragen 'yan kasuwa sun yarda. Ba za mu ɓoye ba, an sami laifuffuka na gaske a wurin waɗansu ma'aikatansa, shi kuwa mutum ne mai sanyin hali, ya fi son gyara da haƙuri a kan kora.

A 1890 waɗansu samari daga Ingila suka iso, a gabansu Graham Wilmot Brooke da J. A. Robinson. Ƙasar Hausa suke hari, suka sauka a Lakwaja, suka sa riguna irin na mutanen ƙasa, suna shirye su mutu saboda bishara. Su ma sun tabbata Allah ne ya aiko su. A taron kwamiti da aka yi a Onica cikin Agusta na shekarar, su da F. N. Eden suka dakatar da ma'aikatan bishop ɗaya bayan ɗaya a gaban idonsa, har da Dandeson. Tsoho mai kusan shekara tamanin, wanda ya yi fiye da shekara talatin a kogin, ya ajiye shugabancin kwamitin.

Nan tambayar take da wuya: ɓangarori biyu, kowanne yana addu'a, kowanne yana cewa Ubangiji ne ya bishe shi. Ba ma shakkar himmar samarin nan. Robinson ya mutu a Lakwaja a 1891, Brooke a 1892, ba su kai Kano ba. Don tunawa da Robinson aka kafa ƙungiyar nazarin Hausa a Ingila, ɗan'uwansa Charles ya zo har Kano ya tattara ƙamus, mu masu karanta Littafi da Hausa kuwa mun ci moriyar wannan aiki. Duk da haka a ganinmu sun yi kuskure babba. Sun auna kiransu da zafin zuciyarsu kaɗai, suka manta cewa wanda Allah ya aiko ba ya raina wanda Allah ya riga ya ajiye a wurin. Sabon fasto da ya fito daga makaranta ya tarar da dattijon mai bishara a ƙauye, wannan jarabar ce take jiransa.

Crowther bai fasa Ikkilisiya ba, ko da yake da ya so da jama'a sun bi shi. Ya goyi bayan ikkilisiyoyin bakin teku su riƙe kansu da kuɗinsu a cikin Angilikan, shirin da Dandeson ya jagoranta daga 1892. Shi bai ga wannan ba. Shanyewar jiki ta kama shi, ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba 1891. Bature aka naɗa a gurbinsa, 'yan Afirka sai mataimakan bishop. Sai a 2014, wajen bikin cika shekara 150 da keɓe shi, Akbishop Justin Welby ya tsaya a majami'ar Kantabari ya furta tuba a fili saboda abin da aka yi masa.