John Rolfe: Manomin Tabar Da Ya Auri 'Yar Sarki

Mai karatu, in ka taɓa kallon katun ɗin Pocahontas da kamfanin Disney ya fitar a 1995, to ajiye shi gefe tukuna. A fim ɗin John Smith ne masoyinta, alhali kuwa lokacin da Smith ya sauka ƙasarsu ita yarinya ce da ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba. Wanda ya aure ta wani John ne daban, John Rolfe, manomi kuma magatakardar gwamnatin Turawan Ingila a Birjiniya.

An haife shi a Ingila wajen 1585. A watan Yunin 1609 shi da matarsa suka shiga jirgin ruwa mai suna Sea Venture, jagoran ayarin jirage tara da Kamfanin Birjiniya na Landan ya tura Jamestown, sansanin da Turawa suka kafa a gaɓar Amurka a 1607. A watan Yuli guguwa ta raba ayarin, jirginsu ya yi ta shan ruwa har ya maƙale a duwatsun tsibirin Bermuda. Mutum kimanin 150 ne a ciki, kuma cikin ikon Allah duk suka fita da rai. Wata goma suka yi a tsibirin suna sassaƙa ƙananan jirage biyu. A nan matar Rolfe ta haifi 'ya mace a watan Fabrairun 1610, aka raɗa mata suna Bermuda. Jaririyar ba ta yi kwana ba ta koma, uwar ma ba ta daɗe ba ta bi bayanta.

Ko da suka isa Jamestown a watan Mayun 1610, ashe gudun gara suka yi suka faɗa gidan zago. Yunwa ta cinye sansanin, kimanin mutum 60 kaɗai suka tarar da sauran numfashi. Kamfani ya zuba kuɗi yana jiran zinare, zinare kuwa babu shi babu dalilinsa.

Abin da ya ceci garin ganye ne. 'Yan asalin ƙasar, waɗanda muka saba kira Indiyawan daji a fina-finan kaboyi, suna da tabarsu, amma tana da kaifi da maƙaƙi, Turawa ba sa son ta. Wadda ake rububi a Landan ta hannun Sifaniyawa take fitowa. A 1612 Rolfe ya gwada shuka irin waccan mai daɗi da ya samo daga yankin Karibiyan, ƙasa kuwa ta karɓa. A 1614 aka tura kashin farko Ingila. Kafin ka ce kwabo kowa ya watsar da masara ya rungumi taba, har sai da Gwamna Thomas Dale ya kafa doka, sai mutum ya noma eka biyu ta hatsi kafin ya shuka taba. A 1617 an tarar da ita shuke har a kan titunan Jamestown da filin kasuwa. Abin dariyar, Sarki James na Ɗaya da garin ya ci sunansa ya tsani taba, har littafi ya rubuta yana tsine mata a 1604, amma bai ƙi harajinta ba.

To, ga inda labarin ya ɗauki zafi. A watan Afrilun 1613 Kyaftin Samuel Argall ya yaudari Pocahontas, 'yar Sarki Powhatan, ta hau jirginsa, ya tsare ta. Wani basaraken yankin ya taimaka masa, aka sallame shi da tukunyar tagulla. Manufar ita ce a yi garkuwa da ita har ubanta ya sako Turawan da ke hannunsa ya maido bindigogi. Ciniki ya ja, ta shekara a tsare, wani limamin coci, Alexander Whitaker, yana koya mata addinin Kirista, daga baya aka yi mata baftisma aka sauya mata suna zuwa Rebecca. Wani marubucin zamanin, William Strachey, ya rubuta cewa tun kafin nan tana da miji a cikin danginta, mai suna Kocoum.

A wannan tsaren Rolfe ya gan ta. Ya rubuta wa Gwamna Dale doguwar wasiƙa yana neman izini, kuma ni dai a duk wasiƙun soyayya ban san mai ban haushi kamarta ba. Ya amsa cewa tunaninta ya ɗaure masa zuciya ya hana shi sakat, amma sai ya yi ta rantse-rantse wai ba sha'awa ke jan sa ba, don amfanin ƙasa ne da ceton ranta, yana kuma siffanta danginta da rashin wayewa. Da jarumin littafina ne ya rubuta wa budurwa haka, na tabbata mata masu karatu ba za su yafe masa ba har ƙarshen littafi na uku. Ita kuwa amarya ko layi ɗaya ba ta bari da hannunta ba, duk abin da aka ce ta ce daga bakin Turawa ya fito. Tarihin baka na ƙabilar Mattaponi ya ce auren dole ne, kuma an ci zarafinta a tsare. Ni ma dai ina ganin wadda ke hannun masu garkuwa ba a kafa hujja da amincewarta.

An ɗaura auren a watan Afrilun 1614, Powhatan ya turo wani kawunta da 'yan'uwanta maza biyu. Yaƙi ya lafa kusan shekara takwas, Turawa suka samu sararin faɗaɗa gonaki. A shekarar ce Rolfe ya zama magatakardar mulkin, a 1615 kuma suka sami ɗa, Thomas.

A 1616 kamfani ya kwashe su zuwa Ingila don talla, a nuna wa masu zuba jari 'yar sarkin da ta waye. An kai ta fada ta ga Sarki James, an zana hotonta da kayan Turawa. Rolfe shi kuma ya rubuta rahoto, ya ƙirga mutum 351 a matsugunai shida na Birjiniya. A watan Maris na 1617 suka kamo hanyar gida, ba su ma fita daga kogin Thames ba ciwo ya ci ƙarfinta. Aka sauke ta a Gravesend, nan ta cika, aka binne ta ranar 21 ga wata tana da shekara ashirin ko ashirin da ɗaya. Thomas shi ma ba lafiya, sai uban ya bar shi a Plymouth, daga baya ƙanin uba ko wansa, Henry Rolfe, ya riƙe shi. Allah sarki, yaron yana ɗan shekara biyu, kuma rabuwarsu ke nan har abada.

Rolfe ya koma bakin aikinsa, ya shiga majalisar gwamna, ya sake aure da Jane, 'yar Kyaftin William Pierce, suka haifi Elizabeth. Da alƙalaminsa ne kuma aka rubuta labarin da ya fi shafar mu 'yan Afirka. A wasiƙarsa ga Sir Edwin Sandys ya ambata, kamar mai lissafin kaya, cewa a ƙarshen Agustan 1619 wani jirgi ya zo Point Comfort da baƙaƙen fata ashirin da 'yan kai, aka saye su da abinci. Daga Angola aka kamo su, 'yan fashin teku suka ƙwace su daga jirgin Fotugal da ya nufi Meziko. Wata mai suna Angela, da jirgi na biyu ya kawo, a gidan surukinsa Pierce aka ƙirga ta a 1625. Taba na cin ƙasa tana cin hannu, ƙasar ta Powhatan ce, hannun kuwa a hankali ya koma na bayi.

Powhatan ya rasu a 1618. Ranar 22 ga Maris 1622 Opechancanough, wanda ragamar mulki ta koma hannunsa, ya auka wa gonakin Turawa, aka kashe mutum 347. Kwana goma sha biyu kafin nan Rolfe ya rubuta wasiyyarsa yana kwance ba lafiya, kuma a shekarar ya mutu.

Thomas ya dawo Birjiniya wajen 1635 ya gaji filaye. A 1641 sai da ya nemi izinin gwamna kafin ya ziyarci dangin uwarsa, a 1646 kuma aka ba shi riƙon wani sansanin soja da aka gina don tare su. 'Yarsa Jane ta auri Robert Bolling, daga nan zuri'a ta yaɗu cikin manyan gidaje, har da Edith, matar Shugaba Woodrow Wilson. A 1691 Birjiniya ta haramta irin auren da Rolfe ya yi. Da aka zo tsaurara dokar launin fata a 1924, sai manya suka tuna suna alfahari da jinin Pocahontas, aka cusa sharaɗi cewa mai kashi ɗaya cikin sha shida na jinin 'yan asalin ƙasa, ko ƙasa da haka, farar fata ne. Kotun Ƙolin Amurka ta soke haramcin auren a 1967.