Lamba 2,147,483,647 da Tarihin Tabbatar da Ita

Lamba 2,147,483,647 ita ce abin da ake samu idan aka ninka 2 da kanta har sau 31, sannan aka cire ɗaya. Masana lissafi sun sa ta cikin lambobi marasa rabuwa, wato waɗanda babu lambar da za ta raba su ba saura sai ɗaya da su kansu, kamar 7 da 13. Tana kuma cikin wani ƙaramin gida da ake kira lambobin Mersenne, wato waɗanda ake samu ta irin wannan hanya ta ninka 2 da cire ɗaya, inda ita ce ta takwas a jerin marasa rabuwa na wannan gida. Da yake 31 ɗin da aka gina ta da ita ma lambar Mersenne ce, sai ta zama ɗaya daga cikin marasa rabuwa huɗu kacal da aka sani masu wannan siffa ta ninki biyu.

Tun a 1588 Pietro Cataldi, mutumin Italiya, ya yi iƙirarin cewa ba ta rabuwa, amma bai kawo hujja ba, kuma wasu lambobin da ya haɗa ta da su an gano daga baya suna rabuwa. Marin Mersenne, malamin coci a Faransa, ya sake sa ta cikin jerinsa na 1644, jerin da shi ma bai tsira daga kuskure ba. Wahalar a fili take: kafin a yanke hukunci sai an gwada raba ta da kowace lamba mara rabuwa har zuwa kusan 46,340, kuma da alƙalami da takarda.

Leonhard Euler, ɗan Suwizalan da ke aiki a Rasha, shi ya warware matsalar a 1772, lokacin da idanunsa sun kusa rufewa gaba ɗaya, ya kuma sanar da sakamakon a wasiƙa. Dabararsa ita ce rage aikin tun kafin a fara shi. Ya ɗora a kan wani sakamako na Pierre de Fermat, ya nuna cewa duk lambar da za ta iya raba wannan dole ta bar saura 1 ko 63 idan aka raba ta da 248; da haka dubban gwaje-gwaje suka ragu zuwa kaɗan, kuma babu ko ɗaya da ya ci. Wannan rage nauyi, ba yawan haƙurin lissafi ba, shi ne ainihin gwanintar. Lambar ta daɗe tana riƙe da matsayin mafi girma da aka tabbatar, har Peter Barlow ya yi hasashe a 1811 cewa da wuya wani ya ƙara wahalar da kansa a wannan hanya, hasashen da Édouard Lucas ya rushe a 1876 da lamba mai alƙaluma 39.

Zuwan kwamfuta ya ba ta sabon aiki. A tsarin da ke ajiye lamba cikin gurabe 32, ana ware gurbi ɗaya don nuna ko lambar tana sama ko ƙasa da sifili, saura 31 kuwa iyakar abin da za su ɗauka shi ne 2,147,483,647. Tsofaffin na'urori masu ƙirga daƙiƙu tun daga farkon 1970 za su cika wannan adadi ranar 19 ga Janairu, 2038, inda agogonsu zai koma shekarar 1901 idan ba a faɗaɗa gurabensu zuwa 64 ba.